Musayar Waƙa: Fitila a Daren Kirsimeti

Ɗan Wusasa:
Salama, 'yan'uwa. Jiya aka ɗauke mana wuta muna tsakar koyon waƙoƙin Kirsimeti. Ga buɗi, mai amsa ya amsa.

Hazo ya rufe gari, ya dushe rana,
Sanyin hunturu ya hana mu kwana.
Wuta ta ɗauke muna tsakar waƙa,
Muka kunna tocila, muka ƙara murna.
Ishaya ya faɗa tun da can, ku duba,
Sura tara, aya ta biyu ta nuna:
Masu tafiya a duhu sun ga haske,
Aya ta shida: an haifa mana ɗa, Sarkin Salama ne suna.

Mama daga Bokkos:
Ɗana, waƙarka ta yi daɗi,
Amma jajibere ya daina ba ni murna.
Tun na 2023 da aka shigo mana,
Aka bi ƙauyuka ɗaya ɗaya aka ƙona.
Shinkafa na kan wuta muka gudu,
Muka bar tukunya, muka bar gona.
Duhun da ya zo maka na awa biyu ne,
Ka san duhun da kan zo ya zauna?

Ɗan Wusasa:
Mama, ki yafe, bakina ya yi sauri,
Wanda bai taka wuta ba bai san ƙuna.

Baba Mai Bishara:
Ku bar ta ta tambaya, tana da gaskiya,
Ni ma na sha kwana da wannan magana.
Mukan karanta Luka, mu tsallake Matiyu,
Don sura ta biyu ba ta bari a kwana.
Hirudus ya sa a kashe 'ya'ya maza,
'Yan shekara biyu zuwa ƙasa, ku tuna.
An ji kuka a Rama, Rahila ce,
Ta ƙi rarrashi, ba mai iya hana.
Yusufu ya tashi da dare, ya ɗauki yaro,
Shi da Maryamu, Masar suka je suka zauna.
Ɗan gudun hijira ne Mai Cetonmu, Mama,
Bai jira gari ya waye ba, ya zo da ƙauna.
Duhu bai rinjayi hasken ba, in ji Yohanna,
Bai ce duhun ya tafi ba, ki duba maganar Yohanna.

'Yar Madalla:
Mama, ranar Kirsimeti ta 2011
Bom ya tashi a cocinmu da ɗagowar rana.
Na shekara uku ban taka ƙofar ba,
Yanzu a bencin baya nake zauna.
Ba na iya waƙa, nakan riƙe kyandir kawai,
Wasu su rera, ni in tuna.

Mama daga Bokkos:
'Yata, bencin naki zai ɗauki biyu?
Ba zan yi alkawarin waƙa ba bana.
Akwai tsohuwar aci-balbal da na tsira da ita,
Zan nemi mai, jikata ta kunna.