Maigidana na son mu bi shi Norwe, ni kuwa duhun nake tsoro

Mai tambaya: Salamu alaikum. Don Allah a ɓoye sunana. Maigidana yana karatu a Tromsø, can ƙuryar arewacin Norwe, ya ce in shirya mu taho da yara. Ni a Birni aka haife ni, nan aka yi mini aure. Gidan na gado ne, mu huɗu ne matan ƴan uwa a ciki, amma tun da ƙafar surukata ta kumbura ni kaɗai ke dama mata kunu, na sauran ko kallo bai ishe ta ba. Da bazara a tsakar gida muke shimfiɗa tabarma, tana nuna wa yara Zara matar wata har barci ya kwashe su. Shi da bakinsa ya ce daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu rana ba ta fitowa sam, daga ƙarshen Mayu zuwa ƙarshen Yuli kuma ba ta faɗuwa. Autana ko hunturun nan namu ƙirjinsa kamawa yake. Yaya zan yi?

Alhajin Zango: Ƴata, bi mijinki, magana ta ƙare. Sanyi ni za a gaya wa? Na yi tuƙin hanyar Dirku cikin Sahara, da Janairu yatsunka ba sa iya riƙe kofin shayi. Ki shiga Kasuwar Dole ki ɗebi rigunan sanyi na gwanjo, ki haɗa da citta da kanumfari.

Ɗalibi daga Kanada: Baba Alhaji, a yi mini afuwa. Tromsø bakin teku take, ruwan ɗumi na Atlantika na sassauta ta, Janairu wajen digiri -4 ne, mu nan Montréal mun fi su sanyi. Duhun ne ke karya zuciya, Yaya. Kasala, rashin barci, ƙunci ba dalili. Ana shan bitamin D, ana fita tattaki lokacin ɗan hasken azahar. Ulu a jikin fata da takalmin da ba ya shan ruwa sun fi tulin gwanjo. Yaran kuma za su ga koren hasken nan mai rawa a sama.

Maman Biyu: Ke har kiran ki ake! Nawa tun da ya tsallaka Aljeriya ko jaka biyar ban gani ba, ga layin ruwa tun asuba, ga haya.

Alhajin Zango: Yaro, kakanninmu wane bitamin suka sha? Zuma da habbatus sauda. Na ce ta tafi.

Malaman Islamiyya: Sallah fa babu wanda ya tambaya. Inda rana ba ta fita ko ba ta faɗuwa, wasu malamai sun ce a bi lokutan Makka, wasu na gari mafi kusa da ke da dare da yini. Ki tambayi limamin can. Sannan a fara kai yaron likita ya duba ƙirjin.

Mai tambaya: Ni fa ban ce ba zan bi shi ba, Alhaji. Maganin gida muke masa, kuma yana samun sauƙi. Duk cikinku ba wanda ya ce komai a kan tsohuwar nan. Wa zan bar wa ita?

Ɗalibi daga Kanada: Yaya, takardun zama fa, sun fito? Shekara nawa ta rage masa?

Alhajin Zango: Takarda ba matsala ba ce. Tsohuwa kuma tana da ƴaƴa.

Mai tambaya: Ba ku san gidan nan ba ne shi ya sa.