Wane injin waldar TIG ya dace da ƙaramin shagon gida a Gombe?

Sani Bolari:
Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin shago a zauren gidanmu a nan Gombe, inda nake haɗa ƙofofi da tagogi da injin walda na sanda idan na taso daga aiki. Kwanan nan masu gini suna yawan tambayata ko ina yin makarin bene na ƙarfen silba, wato wanda ba ya tsatsa, wasu kuma suna kawo kayan alminiyam da suka tsage, ni kuwa injina ba ya yin wannan aiki da kyau. Shi ya sa na yanke shawarar sayen injin TIG, wato mai walda da allurar ƙarfen tangistin yayin da iskar agon take kare ɗinkin. Na ga ana yabon Miller da Lincoln da ESAB, na kuma ga Jasic da Riland na ƙasar Sin waɗanda kuɗinsu bai kai na waɗancan ba. Ina roƙon waɗanda suka daɗe a sana'ar su ba ni shawara kan wanda ya kamata in saya, domin kuɗin da na tara ba zai ishe ni saye sau biyu ba.

Injiniya Bala, Bauchi:
Wa alaikumus salam, Malam Sani. Kafin ka dubi sunan kamfani, ka fara tsayar da magana kan alminiyam, domin ita ce za ta raba maka injinan gida biyu. Injin TIG mai wutar DC kaɗai (wadda ke tafiya gefe ɗaya kamar ta batir) yana yin ƙarfe baƙi da silba da jan ƙarfe, amma alminiyam yana da wata fata a samansa wadda ba ta narkewa sai zafi ya haura digiri 2,000, alhali shi kansa ƙarfen yana narkewa a digiri 660, kuma wutar AC mai kaiwa da komowa ce take fasa wannan fatar yayin da ake walda. Saboda haka idan da gaske kana son karɓar aikin alminiyam, ka nemi wanda aka rubuta AC/DC a jikinsa, kada mai shago ya ce maka duk ɗaya ne.

Amfiya 200 ta wadatar da aikin gida, tunda a ƙiyasin masu sana'a kowace milimita ɗaya ta kaurin ƙarfe tana buƙatar kimanin amfiya 40, bututun makarin bene kuwa sau da yawa ba ya wuce milimita ɗaya da rabi. Abin da mutane suke tsallakewa shi ne farantin bayani da ke bayan injin. Akwai layi mai alamar X wanda yake nuna tsawon lokacin da injin zai iya aiki cikin minti 10 ba tare da hutu ba: idan an rubuta kashi 60 cikin ɗari, zai yi minti 6 ya huta 4. Ka duba ko an auna shi a zafin digiri 40 ne, domin zafin Gombe a watan Afrilu yana kaiwa nan, kuma injin da aka auna a ɗaki mai sanyi zai riƙa yanke maka wuta da tsakar rana.

Ka kuma zaɓi mai kunna wuta ta HF, wato wanda wutar take tsallakawa ba tare da allurar tangistin ta taɓa ƙarfe ba. Ga mai koyo wannan yana rage ɓata allura da barin baƙin tabo a kan silba.

Alhaji Umaru mai walda, Tudun Wada:
Injiniya ya yi bayanin da ya dace, amma ni, ɗana, zan ja hankalinka ga abin da yake kwantar da injin a kusurwar shago. Babu mai musun ingancin Lincoln da Miller na Amurka ko ESAB wanda asalinsa na Suwidin ne; kamfanoni ne da suka daɗe, Lincoln ma tun 1895 yake. Sai dai ranar da fanel ɗinsa, wato allon lantarkin da ke cikinsa, ya ƙone, wa zai gyara maka, kuma daga ina za a kawo kayan? A ganina, ga mai shagon gida a wannan yanki, injin Sin na kamfanin da aka sani, wanda dilansa yake da kayan gyara a Kano ko Legas, ya fi babban suna da aka shigo da shi na hannu ba tare da takardar garanti ba. Wasu injinan na hannu ma an ƙera su ne don wutar Amurka, mu kuwa tamu 230 ce, don haka sai an karanta farantin da kyau.

Sannan ka nemo inda za ka riƙa cika silindar iskar agon tun kafin ka biya kuɗin inji. TIG ba ya aiki da iskar oksijin ta masu waldar gas, kuma gaurayen agon da iskar kabon da ake amfani da shi a wani nau'in walda da ake kira MIG yana cinye allura. Ka tambayi masu aikin silba na garin nan inda suke cikawa da kuɗin dako, ka haɗa lissafin da na regileta da wayar ciko, irin su 308L ta silba da 4043 ta alminiyam.

Hajiya Rabi, malamar koyar da sana'a:
Ban yarda da Alhaji gaba ɗaya ba, Allah ya ƙara masa girma. Kasuwa ta cika da injinan da aka liƙa wa sunan kamfanoni sanannu, an rubuta amfiya 300 ko 400 a jikin abin da yaro zai ɗauka da hannu ɗaya, kuma rahusar ce take jan mutane zuwa gare su. Malam Sani, kada ka saya a kwali a rufe. Ka tafi da guntun bututun silba da ɗan farantin alminiyam, ka sa a jona injin a gabanka, ka saukar da shi zuwa amfiya 20 ko ƙasa da haka, ka ga ko wutar za ta tsaya cak ko za ta riƙa rawa. A ƙaramar wuta ake gane injin TIG na kirki. Ka duba kuma hannun waldar ya zama WP-17 ko WP-26, domin su ne ake samun kofunansu da maƙallan allurarsu cikin sauƙi.

Sani Bolari:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Janaretana mai kVA 3.5 ne; shin zai ɗauki inji mai amfiya 200?

Injiniya Bala, Bauchi:
Zai iya jan siririn aikin silba a ƙaramar wuta, amma ba zai ɗauki injin a cikakken ƙarfinsa ba, musamman a alminiyam. Za ka buƙaci mai kVA 7 zuwa 8 wanda yake da AVR, wato na'urar daidaita ƙarfin wuta, domin hawa da saukar wuta ne suke ƙona fanel. Ka kuma killace wurin aikin daga iska, saboda iskar hunturu ko fankar sama tana kore agon daga bakin walda har ɗinkin ya fito da ƙananan huji, amma ka bar taga a buɗe ta bayanka don hayaƙin silba ya fita. A lokacin hazo ka riƙa cire injin daga wuta kana hure ƙurar cikinsa da busasshiyar iska, kuma kada ka yi guga da giranda kusa da fankarsa.