Neman Shawara: Mene Ne Sabulun Sirdi, Kuma Zai Gyara Mini Jakar Fata?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da wata jakar fata da mahaifina ya bar mini, wadda ta daɗe a ajiye har ƙura ta cika layin ɗinkinta, hannunta kuma ya yi baƙi saboda zufa. A watan jiya na goge gefe ɗaya da garin sabulun wanki na shanya ta a rana, sai wurin ya bushe ƙayau, idan na lanƙwasa shi ƙananan tsaga su bayyana. Wani abokina ya ba ni gwangwanin abin da ya kira sabulun sirdi, ya ce yana wanke fata kuma yana tausasa ta. Ina roƙon masana su bayyana mini abin da wannan sabulu yake da yadda ake amfani da shi, kuma ko zan iya sa shi a takalmina mai fuskar gashi-gashi kamar karammiski.

Amsa daga wani baduku:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya jiƙan Baba. An sa wa sabulun wannan suna ne domin tun asali masu dawakai ke wanke sirdi da ragama da sauran kayan doki da shi, amma yana aiki a kan jaka da bel da takalmi, muddin fatar mai santsi ce. Sabulu ne marar kaifi sosai da aka gauraya da abubuwan da ke sa fata laushi: gilisarin, da lanolin wanda ake samu daga gashin tumaki, da kakin zuma, wani lokaci kuma da man da ake tatsowa daga ƙasusuwan ƙafar shanu.

Ka fara kaɗe ƙurar da buroshi mai laushi, musamman a layin ɗinki, domin idan ka sa ruwa a kan ƙura, laka ka kwaɓa. Sai ka jiƙa soso ka matse shi har ya daina ɗiga, ka goga a kan sabulun ya ɗan yi kumfa, ka bi fatar kana zagayawa a hankali, wuri kamar faɗin tafin hannu a lokaci guda. Kafin kumfar ta bushe ka share ta da tsumma mai tsabta, za ka ga dauɗar hannun jakar ta fito a jikin tsumman. Daga nan ka bar ta ta sha iska a inuwa, nesa da rana da wuta. Amma kafin duk wannan, ka gwada a ƙasan jakar inda ido ba ya kaiwa, domin akwai fatar da launinta ke duhu, akwai kuma wadda rininta ke bin soso.

Amsa daga wata malamar kimiyya:

Bayanin Malam ya gamsar, sai dai ina da ja a kan maganar abokinka cewa sabulun yana tausasa fata. Fatar da aka jeme tana da ɗan tsami, a ma'aunin tsami da ake kira pH tana wajen 4.5 zuwa 5.5, shi kuwa sabulu yakan kai 9 ko 10, wato yana ɓangaren kanwa da toka. Duk lokacin da ka wanke, kana cire dauɗa, kana kuma cire wani abu daga cikin man da majemi ya cusa tsakanin zaren fatar domin su riƙa zamewa a kan juna. Ɗan man da ke cikin sabulun ba ya mayar da duk abin da aka kwashe. Abin da garin sabulun wanki da rana suka yi wa jakarka ke nan, sai dai su sun yi shi da ƙarfi a yini ɗaya. Saboda haka ka ɗauki sabulun sirdi a matsayin abin wanki, bayan fatar ta bushe kuma ka bi ta da man gyaran fata, kaɗan-kaɗan.

Amsa daga wani mai kiwon dawaki:

Malama ta yi gaskiya, amma kada a tsorata mai tambaya. Mu muna yawan amfani da sabulun sirdi saboda zufar doki gishiri ce, idan ta zauna a jikin fata ta fi sabulu ɓarna, kuma fatar sirdi mai kauri ce, tana jurewa. Jakar da ba ta shan zufa kullum, wanki ɗaya ko biyu a shekara ya ishe ta. Takalmin nan mai gashi-gashi kuwa, kada ka kusantar da sabulun gare shi, domin kakin zai kwantar da gashin ya bar tabo. Buroshinsa na musamman kawai yake bukata.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. To, gefen da ya riga ya tsage fa?

Baduku:

Tsagar da ta riga ta buɗe ba ta komawa, ɗan'uwa, domin zaren fatar ne ya karye. Kada ka sake sa sabulu a wannan gefen. Ka shafa masa mai da ɗan yatsa, ka bar shi ya kwana ya tsotse, ka maimaita sau biyu ko uku, kuma kada ka lanƙwasa shi sai ka ji ya saki a hannunka.