Mai saye ya ce "sai na yi shawara", daga nan waya ta daina shiga

Sabon dillali, Sabon Gari:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena a sana'ar dillancin hili da gida a nan Damagaram. Abu ɗaya nake so mu tattauna. Mutum ya zo neman hili ko gida, an ɗauke shi a kabu-kabu an zaga da shi, ya yaba, ya tambayi kuɗi, sai ya ce "sai na yi shawara". Daga ranar shiru. A ina ake yin kuskuren?

Dattijon dillali, Birni:
Wa alaikumus salam ɗana. Kuskuren tun kafin a hau babur ake yin sa. Kada ka fita da mutum sai kun zauna ka ji abu huɗu daga bakinsa: zama zai yi, haya zai zuba, ko ajiyar kuɗi yake so? Kuɗin suna hannu, ko bashin banki yake jira, ko sai ya sayar da shanu ko wani hilin? Yaushe yake son a gama? Na huɗun shi ne wanda yara ke jin nauyin tambaya: wa za a shawarta? In akwai wa, ko uba, ko uwargida da sai da yardarsu, ka ce a zo tare. Shawarar da za a yi a bayan idonka gara a yi ta a tsaye cikin hilin, kana nan kana amsawa.

Kuma kada ka wuce wuri uku a fita ɗaya. Wanda ya ga takwas ba ya tuna ko ɗaya. Mai neman wurin zuba haya ga ɗaliban Jami'ar André Salifou ba ruwansa da tsohon gidan ƙasa a lungun Birni, komai araharsa.

Dillaliya, Garin Malam:
Baba ya faɗi gaskiya, sai dai in ƙara ta wajen mata. A Damagaram gida ba ya sayuwa sai an gama maganar ruwa. Maigida zai duba zaure da garejin mota, uwargida kuwa pampo za ta buɗe. Ka san amsar tun kafin a tambaye ka: akwai kontar ruwa (mitar ruwa) ko babu, bututu ya iso layin ko sai an jawo, ƙarfe nawa ruwan ke zuwa a watan Afrilu da Mayu, nawa ƴan ga-ruwa ke sayar da bido (jarka) a unguwar. Kowa ya san ruwan garin nan daga nesa ake turo shi, daga Gogo-Macaya da Arunguza da Ganaram, kuma unguwannin tudu su ne na ƙarshe wajen samu. In ka ce "ruwa ba matsala", za ta leƙa gidan maƙwabta ta gaisa da matan gidan, cikin minti biyar ta ji komai. Ba za ta ƙaryata ka ba, mijin ne zai ce maka sai ya yi shawara.

Mai bin takardun hilaye, Zango:
Ni a ganina yawancin masu gudun nan tsoron takarda ne ke korar su, kunya ce ta hana su faɗa. Mutum ya tara miliyoyi shekara da shekaru, ya ji labarin hili ɗaya da aka sayar wa mutum biyu, dole ya ja baya. Maganinsa ka riga shi tayar da zancen.

Hilin da meri (ma'aikatar magajin gari) ta yanka yana da akt-da-sesiyon, wato takardar mallakar da meri ke bayarwa, a jikinta akwai sunan lotisman (yankin da aka yanka hilaye), lambar ilo (rukunin hilaye), harafin parsal (shi hilin kansa) da faɗin hilin. Ka riƙe kwafinta ranar nuni. Sunan da ke kai ya dace da katin shaidar mai sayarwa. In bai dace ba, a kawo takardun sayarwar da suka biyo baya ɗaya bayan ɗaya har zuwa kansa. Sannan a je sashen kula da hilaye na meri a duba rajista, kai da mai saye ƙafa da ƙafa, ba kai kaɗai ka dawo da labari ba. Bayan nan a nemo bornoni huɗu, wato alamun iyakar hilin, a ƙasa, a ja mita. Parsal mai murabba'in mita 400 galibi 20 ne bisa 20, mai 300 kuwa 15 bisa 20, mai 600 kuma 20 bisa 30. In borna ɗaya ta ɓata ko maƙwabci ya ci da katanga, a kira jiyometir, mai awon hili, kafin kuɗi su motsa.

Gonar bayan gari dabam take. Takardar mai gari ko ta kwamitin ƙasa, wato Kofo, wanda dokar karkara ta 1993 ta kafa, shaidar mallakar gona ce, ba ta mai da gonar parsal ba. Kada ka ce wa mutum "lotisman na nan tafe" don ya yi sauri, ba kai ke yanka hanya ba. Gidan gado kuma, kada ka sa shi a kasuwa sai magada sun wakilta mutum ɗaya a rubuce. Babban gida mai titir-fonsiye, wato babbar takardar mallaka ta gwamnati, wurin noter (jami'in da ke tabbatar da takardun ciniki bisa doka) ake ƙarasa shi, kuma a duba ko an jinginar da shi a banki.

Wani dillali, Tudun Jamus:
Malam, takarda na da nata, amma mu faɗa wa kanmu gaskiya: ɗori ne ke kashe ciniki. Mai hili ya ce miliyan uku, dillali na farko ya ɗora jika ɗari biyu (jika ɗaya sefa dubu ke nan), na biyu ya ɗora nasa, mai saye ya ji kuɗi iri uku a kan hili ɗaya. Zai zagaya ya nemo mai hilin da kansa. A yanke la'ada tun farko, a gaban shaida, a san wa zai biya. In an daidaita a kan biyar cikin ɗari, miliyan uku jika ɗari da hamsin ke nan, in ku biyu ne ku raba tun kafin a je. Shi kuma "wani Alhaji ya taya jiya" alhali babu wanda ya taya, malamai sun hana, kuma garin ƙarami ne.

Magini, Karkada:
Ni ba dillali ba ne, mu ake kira bayan kun tafi. Abu biyu mai saye ke tambayarmu: ruwa na kwanciya a watan Agusta? Akwai dutse a ƙasa? Alamar farko tana jikin katangun maƙwabta, layin danshi da gishirin da ya ci siminti. Dutsen kuma kun san garinmu: yana riƙe gini, amma haƙa ramin masai a cikinsa kuɗi ne na dabam. Ku faɗa da bakinku, a rage a farashi.

Sabon dillali, Sabon Gari:
Allah ya saka da alheri. To in an yi duk wannan ya sake cewa zai yi shawara fa? A matsa masa ya ba da kafin alƙalami?

Dattijon dillali, Birni:
A'a ɗana. Ka ce masa: "Alhaji, shawara ta yi kyau. Kuɗin ne, wurin ne, ko takardar?" Sai ka yi shiru, kada ka cike masa bakin. Abin da ya ambata shi ne aikinka na gobe. In kuɗi ne, ka roƙe shi ya taya ko nawa ne, ka kai wa mai hili. Ko ya ce albarka, an buɗe ƙofa. Ku tsayar da ranar kira kafin ku rabu, kwana biyu ko uku, kuma ka kira da sabon abu a hannu, kamar amsar meri ko ragin da aka samu. Kira kullum da "ya ake ciki" korar mutum yake yi.

Kafin alƙalami sai an gama taya da sallama. A rubuta adadinsa, ranar cikawa, da abin da zai faru in ɗaya ya janye, shaidu biyu su sa hannu. Kuɗin kuma hannun mai hili za su shiga, ba aljihunka ba.

Dillaliya, Garin Malam:
Baba, a ƙara da masu zuwa da naira daga Kano ko Maigatari. A rubuta farashin da sefa, su yi canjinsu da kansu ranar biya. In aka sallama da naira aka ce sai bayan sati, canji na motsawa a tsakani, wanda ya faɗi kuma kai zai riƙe.