Don Allah a ba ni shawara: na sha romon ramen sau uku, ga shi Farfesa ya sake gayyatarmu wurin

Sabon ɗalibi, Fukuoka:
Assalamu alaikum yayyena da iyayena. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, kwana biyu ke nan ban samu barcin kirki ba.

Na iso Fukuoka farkon Oktoba da tallafin karatu na gwamnatin Japan, wato MEXT. Sau biyu ina nema ban samu ba, sai a na uku Allah ya yi. Ranar da zan bar Katsina Hajiyarmu ta cika mini jaka da kuka da daddawa da yaji da kilishi. Kilishin a filin jirgi na bar shi, don ba a shigowa Japan da kayan nama. Abu ɗaya ta yi ta maimaita mini har bakin mota: ka kula da abin da kake sawa a cikinka.

A sati na biyu Farfesan da nake ƙarƙashinsa ya kwashe mu, mu bakwai, zuwa wani gidan abinci kusa da tashar jirgin ƙasa. Ramen, wato taliya cikin romo, shi ne babban abinsu, amma suna yin miyar kori irin ta Thailand da soyayyar shinkafa da kimchi da sauran girkin Asiya. A bakin ƙofa akwai na'ura, ka zuba kuɗi ka danna hoton abinci ta miƙo maka tikiti. Farfesa da hannunsa ya danna mini na kaza, wanda suke kira tori paitan, yen 950, shi ya biya. Romon fari ne mai kauri kamar kunun gyaɗa, ga taliya siririya, rabin ƙwai, lawashi, da yanka biyu na kaza a sama. Ba zan ɓoye muku ba, ya yi mini daɗi, don na yi kwana goma daga burodi sai ayaba. Daga baya na koma sau biyu ni kaɗai.

Shekaranjiya wani ɗan Indunusiya da muke sallah tare ya ce mini ya taɓa tambayarsu, suna ƙara romon ƙashin alade cikin na kazar don ya yi kauri, ƙwan kuma a ruwan dafa chashu, wato yankan naman alade, ake jiƙa shi. Tun lokacin cikina bai daidaita ba. Ga shi an sa walimar ƙarshen shekara, bonenkai, a wannan gidan abincin, Juma'a mai zuwa. In je ko kar in je? Kuma yaya zan yi da abin da ya riga ya wuce?

Alhaji na Nagoya:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, shekarata 11 a ƙasar nan ina harkar motoci, saurare ni da kyau. Ka san inda Allah ya ajiye ka kuwa? Tonkotsu, wato romon ƙashin alade, a jiharku aka fara shi, a garin Kurume, 1937. Unguwar Hakata da kake wucewa kullum ita ce hedikwatarsa. Awanni ake yi ana tafasa ƙashin har ya narke ruwan ya yi fari. A Fukuoka idan ka ga farin romo, ka ɗauka alade ne sai an tabbatar maka da akasin haka. Ko sauran nau'in ramen, shoyu da shio da miso, da ake cewa daban ne, sau da yawa akwai kitsen alade a sama, ludayi ɗaya ne, tukunyar taliya ɗaya ce. Kar ka je. Magana ta ƙare.

Malam, Tsukuba:
Na abin da ya wuce, ka kwantar da hankalinka. Ƙarshen Suratul Baƙara addu'a ce kan kada Allah ya kama mu da mantuwa ko kuskure, kuma akwai hadisi a Ibn Majah cewa an yafe wa al'ummar nan kuskure da mantuwa da abin da aka tilasta su. Ba ka sani ba ka ci. Ka yi istigfari ka ci gaba da karatunka. Amma ina da tambaya: Farfesa ya san kai Musulmi ne? Me ka ce masa daidai?

Sabon ɗalibi, Fukuoka:
Malam na gode. Na ce masa ba na cin naman alade, da Turanci. Shi ya sa ya zaɓa mini na kaza. Mutumin kirki ne wallahi, shi ya zo da motarsa ya raka ni ofishin unguwa yin rajista.

Alhaji na Nagoya:
To ka ji inda ka yi kuskure. A wurinsu nama daban, romo daban. In ka ce ba ka cin alade, sai a cire maka yankan chashu a miƙo maka kwanon da romonsa. Ba mugunta ba ce, haka suka fahimta. Tambayar da ake yi ita ce: Suupu ni buta wa haitte imasu ka? Wato akwai alade a romon? Ka haddace wannan harafin, 豚, shi ne buta. Sannan ko da kaza ce zalla, wa ya yanka? Yawancinsu Shinto da Buddha suke bi, ba Ahlul Kitabi ba ne. Ni a gidana kazar Barazil mai tambarin halal nake saya a Gyomu Super, ban taɓa saka cokali a gidan ramen ba sai mai takardar halal.

Maman yara, Osaka:
Alhaji ba kowa ke da mai dafa masa a gida ba. Yaron nan shi kaɗai ne, sabon zuwa. Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya abincin makarantar yara ne. Duk wata sai an turo mini jerin abin da za a dafa, in zauna da waya ina fassara ɗaya bayan ɗaya, in dafa mai kama da shi da asuba don kada ɗiyata ta ga nata daban da na 'yan aji. Shekara uku ke nan. Rannan ta dawo tana kuka wai an ce bentonta, wato abincin da take zuwa da shi, na warin daddawa. Babu wanda ya taɓa tambayata yaya nake yi. Ƙanena ka je abinka, ka ci farar shinkafa da edamame da shayin oolong, ba wanda zai kula.

Ɗan Maraɗi, Saitama:
Anti, ai ba abincin ne kawai ba. Bonenkai zaman giya ne, ana ta kanpai, wato ɗaga kofi a sha tare. Akwai hadisin da ya hana zama a teburin da ake zagayawa da giya. Ni a masana'antar da nake aiki na ƙi zuwa sau biyu, daga nan shugaban sashenmu ya daina gaishe ni, aka mayar da ni aikin dare wata huɗu. Na haƙura, amma har yau abin yana min ciwo.

Sabon ɗalibi, Fukuoka:
Wannan shi nake tsoro. Ni yanzu ɗalibin bincike ne, sai na ci jarrabawar shiga a Fabrairu kafin in fara digiri na biyu, kuma Farfesa yana cikin masu yi mini tambayoyi. In na ce ba zan je ba, kamar na ce masa ya ciyar da ni haram ne da kuɗinsa. Kuma ban tabbatar da maganar ɗan Indunusiyan ba, bara ya tambaya, wataƙila sun canza.

Alhaji na Nagoya:
Ba su canza ba. Romo shi ne sirrin gidan ramen, ba a taɓa shi. Ka daina nema wa kanka mafita.

Ɗaliba, Kyoto:
Alhaji da girmanka, ni abin da na gani daban ne. Na rubuta wa Farfesata imel gajere, na ce addinina ya hana ni alade har da romonsa da kitsensa, da giya har da mirin na girki. Ita ce ma ta ba ni haƙuri, tun daga nan ni ake tambaya inda za a je. Yaya, ka je masallacin Fukuoka da ke Hakozaki ranar Juma'a, tun 2009 yake, 'yan Malesiya da Indunusiya da ke can sun san duk wurin da ake cin halal a garin. Ka kai wa Farfesa sunan wuri biyu ya zaɓa.

Malam, Tsukuba:
Mirin na asali yana da giya kusan kashi 14 cikin ɗari, wannan a guje shi. Amma shoyu, wato ruwan ɗanɗano na waken suya, ɗan abin da ke cikinsa daga ruɓawar alkama da waken suya ne, ba ya sa maye, malamai da yawa sun sauƙaƙa.

Alhaji na Nagoya:
Malam ban yarda ba. Wasu kamfanonin da hannunsu suke ƙara arukoru, wato sinadarin giya, a rubuce yake a jikin kwalba. In babu matsala me ya sa ake sayar da shoyu mai tambarin halal? Haka aka yi ta sauƙaƙawa har wani yaro da na riƙe a gidana wata shida ya koma cin gyoza mai naman alade a ciki, yanzu ko wayata ba ya ɗauka, kuɗin hayar da na biya masa ma ban gani ba.

Sabon ɗalibi, Fukuoka:
'Yar'uwa ta Kyoto na gode, amma an riga an kama wuri, kowa ya ba da yen 3,500, ni ma na bayar tun kafin in ji labarin. Ni ne ƙarami kuma baƙo, ba zan sa mutum bakwai su canza tsari saboda ni ba. Ina tunanin in je in ɗauki korin Thailand mai jatan lande, ai abincin ruwa halal ne. In zauna can ƙarshen tebur.

Maman yara, Osaka:
Ka dai tambaya da wane romo suke haɗa korin.

Alhaji na Nagoya:
Kicin ɗaya, romo ɗaya. Tunda ka riga ka yanke, me ya sa ka tara mu?

Sabon ɗalibi, Fukuoka:
Alhaji ban yanke ba wallahi. Hajiya ta kira ɗazu tana tambayar ko ina cin abinci sosai, na ce mata e. Don Allah wanda ya iya Japananci ya rubuta mini yadda zan tambayi maganar korin ba tare da Farfesa ya ji kunya a gaban ɗalibansa ba.

Ɗan Maraɗi, Saitama:
Ɗaliba ta Kyoto, turo masa irin imel ɗin da kika rubuta wa Farfesarki, ni ma ina so. Malam, maganar zama a teburin fa, ba ka ce komai ba.