'Yata ta fara cin abinci, amma barci ya ƙi

Maman Auta:
Assalamu alaikum 'yan uwa. 'Yata shekararta 15, likitoci sun ce tana da cutar ƙin cin abinci, anoreksiya. Ta yi sati uku a asibiti, yau watanmu biyu da dawowa gida. Alhamdu lillahi tana ci, sau uku a rana da ɗan abin taɓawa a tsakani, ni nake zuba mata yadda aka tsara mana, nauyinta kuma yana hawa a hankali. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne barci. Ƙarfe uku na dare sai in hangi haske ta ƙasan ƙofarta. Shekaranjiya na shiga na tarar da rigar barcinta sharkaf da gumi, yarinyar da a da take kwana da safa biyu da bargo tana rawar ɗari. Ci gaba ne wannan ko komawa baya? In samo mata maganin barci?

Ma'aikaciyar jinya:
Wa alaikumus salam, Allah ya ƙara sauƙi. Maganin barci kam, ko rabin ƙwaya kada ki ba ta sai da sanin likitanta. Zuciyar da ta daɗe cikin yunwa ba abin wasa ba ce. Bugunta yana sauka da dare, shi ya sa muke auna shi masu ciwon suna barci, kuma idan ya gaza 45 a minti, wannan kaɗai ya isa a kwantar da yarinya a asibiti. Wasu magungunan suna taɓa bugun zuciya, balle idan sinadarin potasiyam da ke cikin jini ya yi ƙasa.

Gumin kuwa muna yawan ganinsa. Jikin da ya saba da tsumulmula, da an fara ba shi sai ya shiga ƙona abincin da gaggawa, zafi ya taso. Yakan lafa, amma ki faɗa wa likita, musamman in da zazzaɓi.

Ita kanta yunwa tana hana barci mai nauyi, tana tashin mutum tun kafin gari ya waye. A gwajin da wani masanin kimiyya, Ancel Keys, ya yi a Minnesota ta Amurka tsakanin 1944 da 1945, an rage wa lafiyayyun maza 36 abinci kusan rabi na wata shida: barcinsu ya ragu, sanyi ya dame su, tunaninsu kullum abinci. Ki tambaya ko za a ƙara mata abin taɓawa kafin kwanciya. Mai shekarunta tana bukatar awa 8 zuwa 10.

Maman 'yan uku:
'Yar uwa, ba don in tsorata ki ba, amma ki san me take yi a farken nan. Tawa na ɗauka karatu take, ashe motsa jiki take a ɓoye, ta shimfiɗa tawul don kada in ji ƙara. Ɗan tabon da ya fito mata a gadon baya ne ya tona asirin. Na kwashe katifata na koma ɗakinta kusan wata uku.

Wadda ta warke:
Mama, ni na yi wannan ciwon ina da shekara 16. Da rana akwai mutane, da dare kuwa daga ni sai muryar da ke lissafa mini duk lomar da na haɗiye. In kin shiga kada ki ce "kwanta ki yi barci", wallahi so take ta yi. Ki zauna kawai, ko ki yi mata wata hira daban. Nawa barcin bai daidaita ba sai da nauyina ya kai inda likita yake so, har al'adata ta dawo.

Maman Auta:
Na gode ƙwarai. Jiya na kwana a ɗakinta. Ta farka uku da kwata, ta tarar da ni zaune, ta ce, "Mama, ba sai kin tsare ni ba." Ban tanka ba, na miƙa mata busasshiyar riga. Alhamis za mu ga likita, na rubuta zancen gumin da na abin taɓawar dare a takarda don kada in manta.