Muhawara: Ficewa daga Tarayyar Turai ce ta rusa jam'iyyar Conservative, ko su suka rusa kansu?

Ɗan Zazzau, Leeds:
Assalamu alaikum jama'a. Ga maganar da na kawo, kuma a kanta na tsaya: ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai ce ta kashe jam'iyyar Conservative. Kayen da suka sha a zaɓen 4 ga Yulin 2024, tun ranar 23 ga Yunin 2016 aka rubuta shi, ranar ƙuri'ar raba gardama. A 2019 kujeru 365 suka ci a majalisa, a 2024 suka faɗo 121, abin da bai taɓa samunsu ba a tarihinsu. Daga 2016 zuwa 2022 firaiminista biyar suka yi: Cameron, May, Johnson, Truss, Sunak. David Cameron ya kira ƙuri'ar ne don ya rufe bakin 'yan tawayen jam'iyyarsa, ya kuma tare Nigel Farage da jam'iyyarsa ta UKIP mai neman a fice. Yau Cameron ya tafi, Farage yana zaune a majalisa yana wakiltar Clacton. Wanda bai yarda ba, bisimilla.

Malam Bakatsine, Manchester:
Wa alaikumus salam ɗana. Ban yarda ba, kuma zan gaya maka dalili.

Rigimar Turai a cikin wannan jam'iyya ta girme ka. Edward Heath, ɗan Conservative, shi ya shigar da ƙasar a 1973. A 1975 aka yi ƙuri'ar farko, kashi 67 cikin ɗari suka ce a zauna. A wancan zamanin ma Labour ce ke ƙin Turai, har ta sa ficewa a cikin alkawuran zaɓenta na 1983. Ina ƙasar nan lokacin da maganar Turai ta taimaka wajen kayar da Margaret Thatcher a 1990, ina nan John Major ya sha wuya a hannun 'yan jam'iyyarsa kan yarjejeniyar Maastricht wadda ta kafa Tarayyar Turai. Duk wannan bai kashe su ba.

Sannan ka tsallake abu mafi girma. Wace magana ce ta ba su kujeru 365 ɗin da ka ambata? Ai ficewar ce. A Disambar 2019 Boris Johnson bai je wa mutane da komai ba sai alkawarin zai kammala ta. Da ita ya samu rinjayen kujeru 80. Da ita ya ƙwace Blyth Valley da Bolsover, garuruwan masu haƙar kwal da iyaye da kakanni ba su san wata jam'iyya ba sai Labour. Har Sedgefield, mazaɓar Tony Blair, ta faɗa hannunsu. Labour ta yi faɗuwar da rabonta da irinta tun 1935. To abin da ya ba ka irin wannan nasara, ta yaya za a ce shi ya kashe ka?

Halinsu ne ya kayar da su. Suna hana mutane zuwa jana'izar iyayensu lokacin korona, su kuma suna shagali a fadar firaiminista. Ministoci da muƙarrabai sama da 50 suka ajiye aiki kafin Johnson ya haƙura a Yulin 2022. Liz Truss ta zo, ita da ministan kuɗinta Kwasi Kwarteng suka karanta kasafin 23 ga Satumba, rage haraji na kusan fam biliyan 45 ba tare da sun nuna inda kuɗin zai fito ba. Fam ya faɗi, kuɗin ruwan bashin gida ya tashi, sai da Babban Bankin Ingila ya shigo. Kwana 49 ta yi. A Oktoban shekarar hauhawar farashi ta kai kashi 11.1. Wannan ba daga Brussels, hedkwatar Tarayyar Turai, ya zo ba.

Ɗan Zazzau, Leeds:
Allah ya ƙara girma Malam, amma ka ba ni hujja da hannunka. Wa ya ɗora Johnson a kan kujerar? Kowa a jam'iyyar ya san halinsa tun yana ɗan jarida. Sun ɗauko shi ne saboda yarjejeniyar Theresa May ta sha kaye a Janairun 2019 da ratar ƙuri'a 230, kayen da wata gwamnati ba ta taɓa sha ba a majalisar, suka rasa yadda za su yi. Da ya hau, a Satumbar 2019 ya kori 'yan majalisa 21 daga sahun jam'iyya don sun ƙi a fice ba tare da yarjejeniya ba. Cikinsu akwai Kenneth Clarke da Philip Hammond, dukansu tsofaffin ministocin kuɗi, da Nicholas Soames jikan Churchill. A watan ne kuma Kotun Ƙoli ta ce rufe majalisar da ya yi haramun ne a doka. Idan ka kori dattawan gida, wa zai tsawata wa Truss ranar da ta zo da kasafinta? Tun daga lokacin, ma'aunin samun muƙami ya koma wa ya fi tsananin son ficewa, aka bar tambayar wa ya iya aiki.

Ƙuri'un arewacin Ingila kuwa, shi Johnson da bakinsa ya ce aronsu aka ba shi. Aro kuma mai shi yana dawowa ya karɓa.

Alhaji Direba, Bradford:
Ni dai ba ɗan boko ba ne kamar ku, amma na jefa ƙuri'a a 2016, domin 'yan ƙasashen rainon Ingila da ke zaune a nan suna da wannan dama. Kuma ficewa na zaɓa, ba na ɓoyewa. Dalilina ɗaya ne. Mutum zai taso daga Romaniya ko Poland da katin shaida kawai, gobe ya fara aiki. Ni kuwa in kawo iyalina sai da na yi shekaru ina tara takardun albashi, ina biyan kuɗin biza. Masu kamfen ɗin ficewa sun zo unguwanninmu sun ce in an fita za a yi wa kowa ma'auni ɗaya. Masu gidajen abinci 'yan Bangladesh ma haka aka gaya musu, cewa za su samu kawo masu dafa abinci daga gida. Muna cikin mutum miliyan 17.4 ɗin nan.

Ficewa ba laifi ba ce. Waɗanda aka ba aikin ne suka ci amana.

Hajiya, Birmingham:
Alhaji, sannu da ƙoƙari, amma bari in faɗi abin da idona ya gani, don ni a gidan kula da tsofaffi nake aiki.

Kafin 2021 yawancin abokan aikina 'yan gabashin Turai ne. Da aka rufe musu ƙofa, ga korona, sai suka yi ta komawa gida. Akwai daren da mu biyu kacal muka kwana da bene guda. Tsohuwa ta danna ƙararrawa a ɗakin ƙarshe, ke kuma kina riƙe da wani dattijo a kan na'urar ɗagawa, ba halin ki sake shi. Sai ki ji ƙararrawar tana ta kuka har ki gama. Da gwamnati ta ga abin ya fi ƙarfinta, a Fabrairun 2022 ta buɗe bizar masu kula da tsofaffi. Nan 'yan Najeriya da Indiya da Zimbabwe da Ghana suka cika wurin. Ɗalibai masu digiri na biyu su ma suka zo da mata da yara.

To a nan maganarku take. An ce wa Turawan nan in an fita baƙi za su ragu. Lokacin ƙuri'ar, rarar masu shigowa a kan masu fita dubu ɗari uku da wani abu ce a shekara. A 2023 ta haura 900,000. Ga kuma masu tsallako teku daga Faransa a kwale-kwalen roba, sama da 45,000 a 2022 kaɗai. Baturen da ya zaɓi ficewa don a rage baƙi, ya buɗe ido ya ga sun ninka, me kuke so ya yi? Sai ya tafi wajen Farage.

Kuma mu aka bari da wahalar. Na san yarinyar da iyayenta suka sayar da fili suka biya wani dillali don takardar ɗaukar nauyi, ta iso ta tarar kamfanin ba shi da aikin da zai ba ta. Wata uku tana kwana a falona. Daga Janairun 2024 aka hana yawancin ɗalibai zuwa da iyali, a Maris aka hana masu irin aikinmu. An kira mu lokacin buƙata, yanzu da sunanmu ake neman ƙuri'a.

Alhaji Direba, Bradford:
Wallahi Hajiya gaskiyarki. Allah ya saka miki da alheri kan yarinyar nan. Amma ki lura, ma'auni ɗayan da aka yi mana alkawari an yi shi. Da ba a fita ba, da yawancin 'yan'uwanmu da ke nan yau ba su samu shigowa ba.

Hajiya, Birmingham:
Sun shigo, Alhaji. Ka tambaye su a wane hali suke.

Bakano, Glasgow:
Ku yi haƙuri in shigo da namu ɓangaren, don kuna magana kamar Ingila ce kaɗai ƙasar. A nan Scotland kashi 62 suka ce a zauna, aka fitar da su ba da sonsu ba. Kowa ya ɗauka jam'iyyar SNP mai neman 'yancin Scotland ta samu tsanin ɓallewa. A 2019 ta ci kujeru 48. A Nuwamban 2022 Kotun Ƙoli ta ce majalisar Edinburgh ba ta da ikon kiran ƙuri'ar ɓallewa sai da yardar Landan, rikicin cikin gida ya biyo baya, a 2024 ta koma kujeru 9. Su da suka ƙi ficewa sun faɗi, waɗanda suka kawo ta sun faɗi. Shi ya sa na fi karkata wajen Malam: wanda ya daɗe a kan mulki, mutane suka ji jiki, zai sha ƙasa ko me ya ce kan Turai.

Ɗan Zazzau, Leeds:
Yaya Bakano, a duba inda ƙuri'un Conservative suka tafi, shi zai raba mu. Da gajiya ce kawai, da Labour ta kwashe su. Ba haka aka yi ba, Labour kashi 34 ma ba ta cika ba, duk da kujerunta sun haura 400. Gida biyu ƙuri'un suka rabu, kuma daidai kan layin 2016. Jam'iyyar Reform ta Farage ta samu ƙuri'a sama da miliyan 4, kashi 14 cikin ɗari, kujeru 5 kacal, amma ta janye wa Conservative ƙafa a mazaɓu da yawa. A 2019 Farage ya janye 'yan takararsa daga kujeru 317 da Conservative ke riƙe da su, a 2024 ya ƙi. A kudu kuma, garuruwan masu hali da suka so a zauna, Liberal Democrats suka ci kujeru 72. Witney ta Cameron ta tafi wajensu. Maidenhead ta Theresa May ta tafi. Henley, tsohuwar mazaɓar Johnson, ta tafi. Ita Truss a mazaɓarta aka kayar da ita.

Jam'iyyar nan ƙarfinta shi ne haɗa ɗan kasuwan da ke son a buɗe iyaka don kaya su wuce da mai ra'ayin riƙau da ke son a rufe ta don mutane kada su shigo. Ficewa ta tilasta musu zaɓen ɗaya, suka yi ƙoƙarin riƙe duka biyun, suka rasa duka. Alkawarin fam miliyan 350 duk mako ga asibitoci da aka rubuta a jikin jar bas, hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce an yi wasa da lissafi. Ofishin da ke sa ido kan kasafin gwamnati ya ƙiyasta ficewar za ta rage ƙarfin tattalin arziki da kusan kashi 4 a tsawon lokaci. Gwamnatin da kuɗinta ya ragu haka, da me za ta gyara garuruwan arewa da ta yi wa alkawari?

Malam Bakatsine, Manchester:
Maganar rabuwar ƙuri'a gida biyu, na karɓa, ka yi gaskiya a nan. Amma kalmar "kashewa" ce har yanzu ban karɓa ba. A 1997 sun faɗo kujeru 165, aka yi ta cewa sun gama, bayan shekara 13 suka dawo. Kuma kashi 4 ɗin nan ƙiyasi ne, a cikin shekarun da korona da yaƙin Yukren suka hargitsa komai, raba wannan da wancan ba ƙaramin aiki ba ne.

Abin da ya fi damuna shi ne kuna ɗora wa Conservative ciwon da ya kama kowa. Keir Starmer shi ne ya ja Labour zuwa neman ƙuri'a ta biyu a 2019. Da ya zama shugaba sai ya ce ba komawa Tarayyar, ba komawa kasuwar bai ɗaya, ba komawa haɗakar kwastan. A Mayun 2025, yana firaiminista, ya ƙulla sabuwar fahimta da Brussels don sauƙaƙa binciken kayan abinci a iyaka, ya bar wa masuntan Turai kamun kifi a ruwan Birtaniya har 2038, aka taso masa da cewa ya sayar da ƙasa. Ireland ta Arewa kuwa, shekara biyu ba gwamnati, daga Fabrairun 2022 zuwa Fabrairun 2024, duk a kan inda za a duba kayan da ke shiga yankin bayan ficewa. Wannan ba matsalar jam'iyya ɗaya ba ce.

Ɗan Zazzau, Leeds:
Malam, a 1997 babu wata jam'iyya a damansu da ke jiran gadonsu. Yanzu akwai. A zaɓen ƙananan hukumomi na Mayun 2025 Reform ta karɓe majalisu goma, har da Kent da Lincolnshire, gidajen Conservative na gado, da Durham, tsohon gidan Labour. Ta ƙwace kujerar Runcorn daga Labour da ƙuri'a 6. Kemi Badenoch, wadda ta tashi a Legas, ta karɓi shugabancin jam'iyyar a Nuwamban 2024, ta tarar duk abin da za ta faɗa kan baƙi Farage ya riga ta, kuma shi ba a kansa aka ga 900,000 ba.

Alhaji Direba, Bradford:
A motata nake jin su kullum. Waɗanda suka zaɓi ficewa irina ba su ce sun yi nadama ba, cewa suke ba a yi ta yadda ya kamata ba. Amma ni Farage ba zai ga ƙuri'ata ba, na san da wa yake idan ya ce baƙi.

Hajiya, Birmingham:
To Alhaji, ka ga inda muka tsaya ke nan. Malam da Ɗan Zazzau suna ja kan ko jam'iyya ta mutu ko tana numfashi, mu kuma duk wadda ta hau a kanmu take gwada ƙarfinta. Labour ɗin da wasunmu suka yi wa murna, ita ce a Mayun 2025 ta fitar da shirin mayar da jiran takardar zama ta dindindin daga shekara 5 zuwa 10, a Yuli kuma ta rufe ɗauko masu kula da tsofaffi daga waje. A wurin aikinmu akwai mata da suka yi shekara uku suna ƙirga saura biyu. Malam, kai da ka san lauyoyi a Manchester, don Allah ka tambaya mana ko abin zai shafi waɗanda suka riga suka shigo, don tambayar da suke yi mini ke nan kullum in mun fito hutun rabin dare.